Alkyabbar Marigayi Talha

Ranar Juma'a da hantsi Hussaina ta shiga wasan, ta tarar da jarumin yayanta a tsaye babu alkyabba.

Wasan na waya ne, samarin Dutsin-Ma suna ce masa Masu Alkyabba. Kowa da jaruminsa, shi zai gina shi, ya zaɓa masa baiwa, wuta ko iska ko ƙarfin tsiya, ya nema masa kaya, sannan a haɗu ƙungiya-ƙungiya a kare wani birni da babu shi a duniya. 'Yan Dutsi ƙungiya ce ta matasan Dutsin-Ma da Kurfi, kuma Talha, yayan Hussaina, yana cikin waɗanda suka kafa ta. Da hatsarin babur ya yi ajalinsa bara, aka yi shawara cewa jaruminsa, Katanga, ba za a sayar da shi ba, ba za a raba kayansa ba. Aka tsayar da shi a saman hasumiyar ƙungiya cikin cikakkiyar shigarsa. Hussaina ke shiga duk Juma'a don kada a rufe akawun ɗin, kuma duk wanda ya hau hasumiyar sai ya tsaya ya yi wa Talha addu'a kafin ya wuce. Wannan jarumin ne wani marar kunya ya shiga ya tuɓe wa Alkyabbar Walƙiya, wadda a duk ƙungiyar babu mai irinta.

Kafin a sauko daga masallaci an yanke hukunci a gurup. Satin da ya wuce Hussaina ta kai wayar Talha Kurfi, wurin Sabitu mai gyaran waya, ya canja mata gilashi. Shi ke nan, magana ta ƙare. Dama ba a son Sabitu. Dokar 'Yan Dutsi ce ba a rufe ciniki a wasan sai mai sayarwa ya ɗora gyara, ko da ɗan maganin warkarwa ne, kamar yadda mai tumatir ke yi a kasuwa. Sabitu kuwa bai taɓa ɗora ko tsinke ba, wai ciniki ciniki ne. A wurin mutanenmu, daga rowa zuwa sata ba nisa. Wani ɗalibin jami'a, Abdullatif, ya naɗi murya yana kiransa ɓarawon mamaci, kuma kafin la'asar muryar ta fice daga gurup ta isa kasuwar Kurfi.

Misbahu, shugaban ƙungiya, ya dakatar da Sabitu, sannan ya kira Tukur.

Tukur ɗan Dabawa ne, yana sayar da maganin dabbobi a bakin kasuwar Dutsin-Ma. Mahaifinsa ya yi suna wajen bin sawun shanun sata, shi kuma ɗan ya ɗauko halin ya shigo da shi waya, duk cinikin da ya rikice a ƙungiya shi ake nema. Mutum ne mai saurin fushi da jinkirin yarda.

"Ka tabbatar mana kawai," in ji Misbahu. "Kowa ya san wanda ya yi."

"In kowa ya sani, mi za ni tabbatar?" in ji Tukur, ya kashe wayar.

Abu ɗaya ya tsaya masa a rai. Katanga yana da garkuwa da takalma da ɗamara masu daraja, duk ba a taɓa su ba. Wanda ya shiga garke ya ja bijimi ɗaya ya bar saura, ba yunwa ce ta kawo shi ba, ya san abin da ya zo nema.

*

Washegari ya hau mota ya tafi Kurfi. Teburin Sabitu yana gaban shagon wani Alhaji mai kayan masarufi, kuma Tukur ya saba ganinsa cunkushe da wayoyi. Ranar babu komai a kai sai ƙarfen liƙi da kwalbar sinadari. Yana isowa wata mata tana karɓar wayarta a buɗe, ba a ko mayar da murfin ba.

"Kai aka aiko ka kama ni?" in ji Sabitu, bai ko tashi ba.

"Tambaya na zo yi. Wayar Talha ta kwana wurinka?"

"Ta kwana. Na sa gilashi, na mayar. Malam Tukur, wayoyin matan aure na kwana wurina da hotunansu da komai, ban taɓa buɗe ta kowa ba. Wannan shi ne jarina, ba ni da wani. Yanzu Alhaji ya ce in kasuwa ta zagayo ban wanke kaina ba, in ɗauke teburina daga ƙofar shagonshi." Ya nuna teburin da hannu. "Talha abokina ne tun ba ku san shi ba. Ni na kama aka sa shi a makara. Don ba ni ba da gyara shi ne na zama ɓarawo?"

"Kai ma ka cika taurin kai. Mi zai rage ka in ka ɗora?"

"Ba ni ɗorawa. Ku kore ni."

Tukur ya nemi ganin jarumin Sabitu da rumbun kayansa na wasan, Sabitu ya miƙa masa wayar kamar zai jefe shi da ita. Babu alkyabba, babu wani sabon kaya. Wannan bai wanke shi ba, domin ɓarawo mai wayo ba ya ajiye kaya a ɗakinsa. Amma Tukur ya hau mota ransa a ɓace, yana tunanin yadda wasan waya ya kwashe wa mutum abincinsa a yini ɗaya.

*

Tukur ya wuce gidan su Talha, Hussaina ta same shi a zaure, idanunta sun kumbura.

"Wa ya san lambar sirrin akawun ɗin?"

"Ni kaɗai, Yaya Tukur. Ko Inna ba ta sani ba."

"Kin canja ta bayan rasuwa?"

"A'a. Yadda ya bar ta haka take. Ba ni son taɓa abin da ya sa da hannunshi."

"Akwai wanda ya taɓa yi miki maganar alkyabbar?"

"Abdullatif. Ya zo har nan ya ce in ara mashi don gasar da za a yi da ƙungiyar Katsina. Na hana, ya tahi shina gunaguni."

Tukur ya ji jininsa ya hau. Wato mai ihun ɓarawo shi ne ya fara zuwa roƙo. Bai tsaya shan ruwa ba, ya tare ɗan acaɓa ya nufi unguwar da ɗalibai ke haya.

Ya sami Abdullatif yana wanki a tsakar gida. Yaron ya rantse da abin da zai kashe shi, ya ce roƙo ya yi aka hana shi, ya haƙura.

"Ba don kaina ba ma," in ji shi. "Jarumina na ruwa ne, in na sa mashi kayan walƙiya da kanshi zai faɗi. Don ƙungiya na nema. Tambayi Oga Misbahu, shi ya gina mini shi tun daga tushe, akawun ɗina ya yini a hannunshi."

Tukur ya duba, haka ne. Alkyabbar ba ta da amfani ga jarumin ruwa, kuma yaron bai taɓa riƙe wayar Talha ba. Sawu ya mutu a nan.

"To da ba ka gani da idonka ba, uban wa ya sa ka naɗi murya?"

"Kowa haka ya ce..."

"Kowa ya ce, kai ka ɗauka ka kai Kurfi. Mutum na can teburinshi wayam, kai kana nan kana wanke wando."

Abdullatif ya sunkuyar da kai. Tukur ya fita ya bar ƙofar a buɗe.

*

Tun da mutane sun ƙare, sai ya koma bin kayan. Yana zaune a shagonsa tsakanin kwalaben allurar shanu, ya shiga babbar kasuwar wasan, inda jarumai daga ko'ina suke baje kaya da taƙama. Ya san wanda ya sami irin wannan alkyabba ba zai ɓoye ta ba, sai ya yi yawo da ita a gani. Ya kuma san alamarta, domin Talha ya rina bakinta shuɗi irin na baban rini, abin da ba mai yi saboda yana rage mata daraja. Ya yi ta zarya yini bayan yini, har masu sayen magani suka fara ƙorafi cewa Tukur ba ya ɗaga kai.

Wata rana bayan azahar ya gan ta a jikin wani jarumin wuta. Ya yi sallama kamar yadda ake yi, ya nemi izinin magana. Mai shi Bahaushe ne, Mahmuda, ɗan Maraɗi, kuma da ya ji maganar mamaci ce sai ya ba da lambarsa.

"Wallahi ban san kayan mamaci ba ne," in ji Mahmuda. "Musanya munka yi. Na ba shi Safar Tsawa, ya ba ni alkyabba."

"Sunan jaruminshi fa?"

"Sabo ne ful, ba suna sai lambobi. Yanzu ma an goge shi. Bai yi magana ba har munka gama, ko sallamata bai amsa ba. Na ce wanga ba ya da tarbiyya. Sai bayan an rufe ciniki ya sake buɗewa ya ɗora mini gyara."

Tukur ya gyara zama. "Gyara?"

"Ƙwarai. Nan na gane namu ne, Bature ba ya gyara."

Sabitu ya fita daga zargi, in ji Tukur a ransa. Ko wuƙa aka ɗora masa a wuya ba zai ɗora gyara ba, balle a cinikin da ba wanda ya san fuskarsa. Amma sauran 'Yan Dutsi duka suna ɗorawa.

"Mi ya ba ka?"

"Abin da ya ba ni mamaki ke nan. Ya tsaya shina kallon jarumina, sannan ya ba ni Dutsen Sanyi. Ya rubuto magana guda, wai in sa shi a hannun hagu, in ba haka ba walƙiya da wuta za su cinye mini ƙarfi. Kuma gaskiya tai, na gwada."

Tukur ya shiga lissafi. Kowa a ƙungiya abin da ya rage masa a rumbu yake ɗorawa gyara. Mutum ɗaya ne yake duba jarumin mai saye ya ba shi abin da ya dace da gininsa, ya haɗa masa da darasi, domin idonsa ba ya iya ganin jarumi a karkace ya yi shiru. Sai maganar Abdullatif ta dawo masa. Akawun ɗin wa bai yini a hannun Misbahu ba? Nasa ma ya yini. Na Talha ma, lokacin da ya gaji da gorin da ake yi masa cewa Katanga ya cika nauyi. Ba wanda ya lissafa Misbahu cikin masu sanin lambar sirri, kamar yadda ba ka lissafa wanzami cikin waɗanda suka taɓa maka kai.

Abin ya yi masa ciwo, domin Misbahu ne ya koya masa wasan, kuma shi ya tsaya a gaba ranar da aka kai Katanga hasumiya. Ciwon bai daɗe ba ya koma fushi.

"Malam Mahmuda, alfarma nake nema. Ka mayar da dutsen hannun dama, ka ɗauki hoton jarumin ka turo mini."

*

Tukur ya tara su a gidan kallon ƙwallo na unguwa, da yamma kafin a fara wasa, lokacin bencina babu kowa. Misbahu ya zo cikin farar shadda daga ofis. Abdullatif ya zo, da wasu 'yan ƙungiya. Hussaina ta zauna daga bakin ƙofa. Sabitu ya zo daga Kurfi ya zauna shi kaɗai, ba wanda ya matsa kusa da shi.

"Na ga alkyabba," in ji Tukur. "Tana Maraɗi. Wanda ya kai ta ya goge sawunshi. Ga hoton, kowa ya duba ko zai ga abin da ban gani ba."

Ya ba Sabitu, ya duba ya miƙo. Abdullatif ya duba ya ce lallai ita ce, ga bakin shuɗi. Wayar ta zagaya har ta iso hannun Misbahu. Ya dube ta, ya buɗa hoton da yatsu biyu, fuskarsa ta yamutse irin yadda take yi in ya ga gini marar kyau. Tukur ya ga bakinsa yana motsi, yana kokawa da kansa, ya kuma san halin mutumin ya fi ƙarfinsa.

"Dubi shirme," in ji Misbahu da tsaki. "A hagu aka ce mashi, ya je ya sa a dama."

Kowa ya juyo ya dube shi.

"Wa ya ce mashi?" in ji Tukur.

"Ina nufin... kowa ya san Dutsen Sanyi a hagu ake sa shi."

"Abdullatif, ka sani?"

"Ban sani ba."

"Ni ma ban sani ba sai da ɗan Maraɗi ya faɗa mini. Kuma ba ka ce a hagu ake sawa ba, ka ce aka ce mashi. Ban gaya wa kowa an yi magana a cinikin nan ba." Tukur ya karɓe wayarsa. "Wanda ya sayar ya ɗora gyara, Sabitu kuwa kun san shi. Oga, buɗe rumbunka mu gani. In babu Safar Tsawa a ciki, ni zan durƙusa gaban kowa in ba ka haƙuri."

Misbahu bai buɗe ba. Ya ajiye wayarsa a cinya ya dafe ta da hannu.

"Ku ba ku gane ba," in ji shi a hankali. "Shekara nawa Katsina na cin mu? Da safar nan ginina ya cika, gasar bana tamu ce. Alkyabba tana can saman hasumiya ba ta amfanar kowa. Da Talha na raye da kanshi zai ba ni."

"Kada ka sake kiran sunanshi," in ji Hussaina daga bakin ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba, amma ba wanda ya motsa. "Da ka tambaye ni zan hana ka, shi ya sa ba ka tambaya ba."

"Na yi niyyar in an ci gasa in musanyo ta..."

"Sabitu fa?" Tukur ya katse shi. "Shi ma bayan gasa za ka musanyo shi? Kana ji ana kiranshi ɓarawon mamaci, ka sa hannu ka dakatar da shi, ka kira ni in zo in tabbatar maka. Ni za ka mayar kare?"

Aka yi ca a kan Misbahu, waɗanda jiya suke zagin Sabitu su ne suka fi kowa ɗaga murya, abin da ya ƙara wa Tukur haushi. Nan take aka kira Mahmuda, ya karɓi safarsa ya mayar da alkyabba, ya yi wa mamacin addu'a. Misbahu, gumi ya jiƙa masa shadda, ya ce zai naɗi murya ya tura gurup ya wanke Sabitu.

Sai a lokacin Sabitu ya yi magana.

"Gurup ba su ke kawo mini waya ba. Mutanen Kurfi ke kawowa. Gobe kasuwa."

*

Da hantsi suka sauka a Kurfi, Tukur a gaba, Misbahu a baya kamar wanda ake kaiwa asibiti. Kasuwa ta cika, masu awaki da masu hatsi da 'yan acaɓa kowa na harkar gabansa. Misbahu ya tsaya gaban teburin Sabitu ya faɗi abin da ya yi, da muryar da ko mai rake na gefe bai ji sosai ba. Alhaji mai shago ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce to Allah Ya kyauta, tebur ya zauna. 'Yan tsirarun da suka tsaya suka watse. Misbahu ya sauke numfashi, ya duba agogo.

Wasu mata biyu suka zo wucewa da kwandunansu. Ɗaya ta ciro waya mai fasasshen gilashi ta nufo teburin, ɗayar ta riƙe mata gyale.

"Ke, ba nan ba. Wannan ne fa wanda ya saci kayan mamaci."

Suka wuce. Sabitu bai ɗaga kai ba, ya ci gaba da goge ƙarfen liƙin da ba abin da zai liƙa da shi.

Tukur ya juya ya dubi kasuwar, rumfuna jere har inda ido ya ƙare, kuma babu wadda muryar Abdullatif ba ta shiga ba. Ya kama wuyan hannun Misbahu.

"Ai na faɗa," in ji Misbahu. "Kana tsaye na faɗa."

"Ka faɗa wa tebur. Yanzu rumfa-rumfa za mu bi, kuma in ban ji muryarka daga inda nake tsaye ba, sai ka sake."

"Tukur, akwai waɗanda suka san ni a nan. Akwai surukaina."

"Shi ma an san shi."

Ya ja shi suka bi bayan matan nan biyu, suka cim musu a layin masu gishiri. Daga nan suka fara.